Mai Tambaya Daga Layin Baya

"Akwai mai tambaya?"

Na faɗa ne kawai don baki ya saba. A babban falon Vaulmerin ba a cika yi min tambaya ba, in ban da ina banɗaki yake.

Sai na ga hannu ya ɗagu daga can baya, bayan wasu tsofaffin Jamusawa masu gajerun wanduna.

Na san hannun.

Ko cikin hannaye dubu zan gane shi, da farin tabon nan na bayan babban yatsa...



"Ina sauraronka, Yallaɓai," na ce, ina ta ƙoƙarin kada muryata ta tona min asiri.

Gatien ya ɗan matso. Ya yi wanka fes, ya sa farar riga, ya riƙe tikitinsa a ƙirji kamar ɗan makarantar da ya ci kyauta.

"Mutanen gidan nan nake tambaya," in ji shi. "Akwai wanda ya taɓa fita daga cikinsa da ƙafafunsa, ko duk sai an fitar da su a akwati?"

Baƙi suka kwashe da dariya.

Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Tarihi bai nuna ba," na ce. "Sai mu wuce ɗakin cin abinci. A kula da igiya, don Allah."

Na tsaya a bakin ƙofa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya zo ƙarshe, da gangan.

"Kin rame, gimbiya."

"Ka haukace ne? Mama ta ce kada ka sake taka gidan nan!"

"Gidanku ta hana ni. Ni gidan tarihi na zo, da kuɗina na shigo. Ko an fara korar masu tikiti?"

"Gatien..."

"Na yi kewarki, Armelle. Kamar in mutu."

Ya wuce abinsa yana ɗaga kai yana kallon rufi kamar bai taɓa ganinsa ba, shi da ya fi kowa sanin inda yake yoyo.

Vaulmerin gidanmu ne, a bakin kogin Loire, ba nisa da garin Saumur. Mutane suna ce masa fada, amma mu ba ma faɗar haka, Mama ta ce rashin tarbiyya ne. Gida kawai muke cewa. Gida ne mai ɗakunan da ban taɓa zama na ƙirga ba, uku kacal muke iya ɗumamawa da sanyi. Tun da Baba ya rasu muka buɗe ɗakunan ƙasa ga masu ziyara, domin rufi ba ya jin labarin kakanni, gyara yake so. Daga bikin Ista har farkon Nuwamba ni ce mai zagayawa da baƙi, kullum, ba Asabar ba Lahadi. Odile, wata dattijuwa daga ƙauye, ita ke zama a ƙofa tana sayar da tikiti.

Baƙin ba su san 'yar gida ce ni ba. Sukan rage murya su ce, "Kin taɓa ganin masu gidan?" In ce nakan hango su.

Kuma ba ƙarya na yi ba. Mama tana sama da littattafanta da ciwon gwiwarta, sai lokacin abincin yamma muke haɗuwa, ita a wancan ƙarshen teburi ni a wannan, cokula ne ke mana hira. Yayana Amaury shi ne magajin gida, don a danginmu babban ɗa namiji ke ɗauka, duk abin da doka za ta ce. Yana Paris da matarsa Hortense. Sukan zo ƙarshen mako su shaƙi iska, su nuna wa abokansu hasumiya, su koma su bar min kwanuka. In aka rufe ziyara kuwa, sai in lulluɓe kujeru da fararen zannuwa, in yi ta jin takun ƙafata har bazara ta dawo. Na doshi shekara talatin a haka, kuma kaɗaici ya zame min kamar rigar gida, har na daina jin nauyinsa.

Sai hasumiyar arewa ta fara zubewa.

Farin dutsen ƙasarmu laushi ne da shi, ruwa na cinsa kamar sabulu. Aka kawo masassaƙan dutse suka kafa dandamalin ƙarfe a jikin bango, daidai tagogin falo. Wata rana da yamma na zo rufe taga, sai na ji ana magana da irin muryata, har da jan numfashin da nake yi.

"In kuka ɗaga kai za ku ga zanen Janar ɗin gidan nan da ya bar kunnensa ɗaya a fagen fama... A kula da igiya, don Allah!"

Na leƙa a fusace.

Wani ne zaune a kan katako yana lilo da ƙafa, fari fat tun daga gashi har takalmi, sai ka ce a buhun fulawa ya kwana.

"Kai waye?"

"Mai hana gidanku faɗo miki a ka."

"Wa ya ce maka gidanmu ne?"

"Hancinki da na Janar ɗaya ne, gimbiya. Sai dai ke kunnuwanki sun cika."

Na buɗe baki in ba shi amsa, dariya ta riga maganar fitowa. Na ji ta baƙuwa a kunnena, don na daɗe ban yi ba.

Gatien ɗan ƙungiyar masu sana'ar hannu ne, irin waɗanda ke bin gari-gari suna koyo, bana nan baɗi can, ba mai zancen aure sai ya kusa kammala zagayensa. Shi gari ɗaya ya rage masa. Mahaifinsa laimar kwaɗi irin ta ci yake nomawa a cikin kogon dutse, can bayan Saumur. Duk damina da rani na shekarar nan a gindin hasumiya muka ci abincin rana, burodi da cukun akuya a kan takarda. Shi ne mutum na farko da ya taɓa tambayata, "Ke me kike so?" Na yi ta kallon kogi. Kafin a sauke dandamalin ƙarfen na riga na san amsar, shi nake so, so kuma mai tsanani.

Hortense ce ta fara ganowa. Idonta ba ya ganin ƙura a kan kabad, amma ba ya kuskuren irin wannan.

"Ki gayyato shi abincin Lahadi mana," ta ce tana murmushi. "Ai gara Mama ta gan shi a wanke."

Ni sakarai, har godiya na yi mata.

A wajenmu matar aure kaɗai ake sumbatar hannunta, kuma ba a kai leɓe ga fata, sunkuyawa kawai ake yi. Wa zai gaya wa Gatien wannan? Abokansa ne suka koya masa, su ma a majigi suka gani. Ya shigo da furanni, ya kama hannun Mama ya manna masa sumba mai ƙara. Mama ta daskare. Kafin in yi masa ido ya juyo ya kama nawa, ya yi min irinta.

Hortense ta tafa hannu.

"Laa! Ashe an ɗaura aure ba mu da labari! Amaury, ka ji, ƙanwarka ta zama matar aure, a kogo za mu riƙa kai mata ziyara!"

Amaury ya yi dariya a cikin tsumman goge baki.

Kunnuwan Gatien suka yi jajur. Bai san abin da ya yi ba, amma ya san da shi ake. Haka ya zauna ya ci abincin nan kamar yana haɗiyar tsakuwa. Da aka tashi Mama ta dube shi, cikin ladabin nan nata mai yanka.

"Aikin hasumiya ya ƙare, ina ce?"

"Ya ƙare, Madam."

"Mun gode ƙwarai. Ba sai ka sake wahalar da kanka da zuwa ba."

Ban ce uffan ba. A gidanmu ba a mayar wa Mama magana, kuma wayar gidan guda ɗaya ce, tana gefen kujerarta. Na ɗauka shi ke nan, an rufe babin.

Sai ga shi da tikiti.

Daga ranar bai fasa ba. Duk Lahadi da yamma yana layin baya, hannuwa a aljihu, yana jira in ce akwai mai tambaya.

"Wannan gadon, mutum ɗaya ne ke kwana a kansa? Bai yi masa faɗi ba?"

"Wannan madubin, in mai zagayawa da mu ta duba, yana gaya mata gaskiya kuwa? Don ni na ga kamar ba ta san tana da kyau ba."

Wata tsohuwa 'yar Beljiyam ta taɓa dukan kafaɗarsa da jaka ta ce, "Kai yaro, ka bar yarinya ta yi aikinta!" Sannan ta kashe min ido.

Wurin da muke samun kanmu ɗaya ne, matakalar hasumiya. Ƙunci ne da ita, tana murɗawa kamar dodon koɗi, sai mutum ɗaya-ɗaya. Baƙi su hau, ni in tsaya a ƙasa in ja ƙofa. Ɗan wannan tsakanin shi ne duk rabona na mako. Sauran kwanakin kuwa jira ne kawai.

A nan ya gaya min, ranar da ganyen bishiyoyin gaban gida suka fara zuba.

"An ba ni garina na ƙarshe. Strasbourg."

Na jingina da bango.

"Can ƙarshen ƙasa..."

"Aikin babban coci ne. In na gama za su riƙe ni. Na sami ɗaki biyu a saman wani gidan burodi, ba hasumiya, ba Janar, amma akwai ɗumi." Ya riƙo hannuna. "Zo mu tafi, masoyiyata. Mu yi aure a can."

"Mama fa?"

"Tana da ɗa."

"Ɗan da ko makullin ɗakin girki bai sani ba? Wa zai zagaya da baƙi? Wa zai sa bokiti in ruwa ya sauko? In na tafi gidan nan rufewa zai yi, Gatien!"

"In kin zauna ke za ki rufe."

"Kai ba za ka gane ba."

"Saboda ni ɗan kogo ne?"

"Ban ce ba!"

"Ba ki ce komai ba, Armelle. Ranar nan ma a teburi ba ki ce komai ba."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Hawaye suka cika min ido. Daga sama wani ya ƙwala kira yana tambayar ko ana ɗaukar hoto.

Gatien ya sassauta murya.

"Yi haƙuri, gimbiya. Ba faɗa na zo yi ba. Ba zan sake zuwa ba sai ranar rufewa, ki samu ki yi tunani ba tare da ina tsaye a kanki ba. Ran nan zan zo zagayen ƙarshe. Abin da kika ce shi ke nan. Washegari da safe 'yan ƙungiyarmu za su raka ni gadar Saumur."

Ya saki hannuna ya hau.

Ashe ba mu kaɗai ba ne. Akwai wata 'yar taga a jikin matakalar da ke leƙa ɗakin ɗinki, Hortense kuma tana son ɗakin ɗinki, ko da yake ba ta san yadda ake zura zare a allura ba.

Makonnin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Da safe in ce zan bi shi, da yamma in ga Mama tana saukowa da ƙyar tana dafa bango, in ce ina! Lahadi ta zo, in ce akwai mai tambaya, ba hannun da ya ɗagu. Ba ni da wanda zan faɗa wa. Ƙawayena na makaranta duk sun watse da aure, kuma wa zai tausaya wa mai kuka a cikin fada?

Ranar rufewa ta faɗo ranar tunawa da waliyyai, ranar da kowa ke kai furanni makabarta. Tun safe ake yayyafi. Amaury da Hortense sun zo hutu, kuma abin mamaki, Hortense ta sauko da wuri har da ɗaura ɗankwali.

"Odile, baiwar Allah," na ji tana cewa, "je ki kai furanni kabarin mijinki. Ni zan riƙe miki ƙofa yau."

Na yi mamaki, amma hankalina ba ya nan.

Baƙi suka zo jefi-jefi, a jiƙe, suna sauri. Da lokacin zagayen ƙarshe ya yi na tsaya a zaure na gyara gashina.

Shiru.

Na leƙa hanya. Ba kowa sai ruwa.

Na koma na tsaya.

Na sake leƙawa...

Bai zo ba.

A nan, a zauren nan mai sanyi, na san amsata. Da ya shigo da ko jaka ba zan tsaya ɗauka ba. Amma bai zo ba, ya gaji da ni, kuma ban ga laifinsa ba. Na zauna a kan bencin baƙi na haɗa kai da gwiwa, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba.

Sai na ji ƙarar sanda a kan matakala.

Mama ce. Ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci.

Na miƙe ina goge fuska.

"Mama, kuna son wani abu ne?"

"An ce akwai zagayen ƙarshe."

"Ba wanda ya zo."

"Ni na zo. Shekara nawa kina yi, ban taɓa jin abin da kike gaya wa mutane a kanmu ba. Wuce mu je."

Na ɗauka wasa take, amma Mama ba ta wasa. Haka na shiga gaba tana bina, sanda na ƙwanƙwasa daɓe. Na nuna mata falonta, na gabatar mata da Janar, na ce ta kula da igiya. Ba ta yi murmushi ba. Muryata kawai ke yawo a ɗakunan tana dawo min.

Muka iso dogon baranda mai zanen matan gida.

Na so in wuce da sauri.

"Nan fa?" in ji ta. "Ba kya cewa komai a nan?"

"Ina cewa."

"To faɗi. Yadda kike faɗa musu."

Na juya na fuskanci zanen farko.

"Waɗannan su ne gwaggwannin gida. A kowane zamani akan sami 'ya mace ɗaya da ba ta yi aure ba, ta zauna ta riƙe gidan, maza suna yaƙi ko suna Paris. Wannan Gwaggo Yolande ce, ita ta ɓoye azurfar gida lokacin juyin juya hali. Wannan Gwaggo Blanche, ita ta yi jinyar iyayenta da na matar yayanta. Wannan Gwaggo Sabine, ta rasu a ɗakin da aka haife ta. Ba don su ba da yanzu ba gidan..."

"Sai baƙi su ce me?"

"Sukan ce Allah sarki. Mata sukan yi shiru."

"Daga nan fa?"

"Wani lokaci a tambaye ni wancan wurin da ba komai, na ƙarshen bango, na waye."

"Ki ce musu me?"

Na kawar da ido daga bangon.

"In ce ana jiran mai shi."

Mama ta daɗe tana kallon bangon. Ban taɓa ganin ta tsufa kamar lokacin ba. Ta nemi kujera, ɗaya daga cikin waɗanda ba a zama a kansu, ta ɗage igiyar da sandarta ta zauna.

"Na san Sabine," ta ce a hankali. "Da aka kawo ni gidan nan tana da rai. Ba ta da mugunta, amma ban taɓa jin dariyarta ba. Na ce a raina, Allah kada ka ba ni 'ya mace a gidan nan. Sai ya ba ni ke, kika zo da sauƙin kai, ni kuma na ji daɗi na manta."

"Mama..."

"Ya zo."

Na ɗago.

"Yaron naki. Ina taga na gan shi, da laima da furanni. Ya tsaya wajen Hortense, ta yi masa magana, ya daɗe a tsaye a cikin ruwa. Sannan ya ajiye furannin a kan katanga ya juya."

"Kun gani... kuka yi shiru?"

"Na yi shiru. Na ce a raina an huta." Ta dube ni ido cikin ido. "Sai na ji kukanki har sama. Ni da ƙafata na shigo gidan nan, Armelle, ina son ubanki, na zaɓa. Ke ba wanda ya tambaye ki. Har yanzu ban ce yaron ya dace da ke ba, bai iya gaisuwa ba, kuma hannuna bai manta ba. Amma ba zan rataye ki a bangon can ba."

Na durƙusa na kifa kaina a cinyarta. Ta dafa gashina sau ɗaya, a takure, kamar mai taɓa abin da ba nata ba.

Hortense na ɗakin girki tana shan shayi da na shiga.

"Me kika ce masa?"

Ko gezau.

"Abin da ya kamata ke ki faɗa tuntuni. Na ce kin ce kada a sake sayar masa da tikiti, kin zaɓi gidanku, kuma kunya ta hana ki faɗa da bakinki. Taimakonki na yi, ƙanwata. Ke da warin burodi a ɗaki biyu? Wata ɗaya ba za ki yi ba."

"Taimakona, ko taimakon kanki? In na tafi wa zai wanke miki kwanuka?"

"Amaury! Zo ka ji ƙanwarka!"

Amaury ya leƙo da jarida a hannu.

"Haba Armelle, ki yi hankali mana. Gidan nan fa namu ne duka."

"Naka ne, Yaya. Kullum ana gaya min. To ga shi nan, Ista ake buɗewa. Janar kunnen hagu ya rasa, kada ka ce na dama, akwai masu lura."

Hortense ta ajiye kofi da ƙarfi.

"Mama ba za ta yarda ba!"

"Mama ta yarda," in ji Mama daga bakin ƙofa. "Hortense, tun da kin iya zaman ƙofa haka, sai ki ci gaba. Na ga yana karɓarki."

Na kira gidan ƙungiyarsu a waya, aka ce sun fita cin abincin bankwana, ba a san inda suka nufa ba. Dole na jira safiya.

Da gari ya waye na sauko da jaka ɗaya. Su Amaury ba su fito ba. Mama na tsaye a falo ita kaɗai, ta rungumo tulin fararen zannuwa.

"Mama, ku bari in lulluɓe kujerun kafin in tafi."

"Ina da hannu."

"Gwiwarku fa? In sun koma Paris wa zai..."

"Armelle, in kika ƙara minti ɗaya zan canza ra'ayi, kuma kin san ni. Tafi."

Ba ta rungume ni ba. Ta juya min baya tana warware zane, kafaɗunta na rawa. Na fita ina kuka, na tada tsohuwar motar Baba, wadda sai an lallaɓa ta kamar jinjiri.

Da na iso Saumur na hango su a bakin gada. Maza ne kusan ashirin, kowa da doguwar sanda da ƙyalle mai launi a kafaɗa, suna waƙa da manyan muryoyi. Sun tsaya a wuri ɗaya. Shi kuma ya riga ya hau gadar shi kaɗai, jaka a baya, yana nufar tashar jirgin ƙasa a ƙetare.

Na yar da motar a gefen hanya ko ƙofa ban rufe ba.

"Gatien!"

Bai juyo ba.

"Gatien! Ni ce!"

Na ga ya ɗan yi turus, kafaɗunsa suka ɗaga. Ya ji ni, na rantse ya ji ni.

Amma ya ci gaba da tafiya.

 Na riƙe ƙarfen gada. Shi ke nan, na ce, ya yi fushin da ba dawowa, na makara...

Wani dattijo mai farin gashin baki daga cikin masu rakiyar ya matso kusa da ni.

"'Yata, ke ce ta Vaulmerin?"

Na gyaɗa kai.

"Ke kika hana mu barci, jiya ko loma bai kai bakinsa ba. To daina ɓata muryarki. Wanda aka raka ba ya waiwaye har sai ya ƙetare, ko uwarsa ce ke kira. Haka muka gada." Ya nuna gadar da sandarsa. "In kina so ya gan ki, sai dai ki sha gabansa. Kina da ƙafa ko?"

Ban tsaya amsa ba.

Na cire takalma na kwasa da gudu!

Gadar nan doguwa ce, ban taɓa sanin tsawonta ba sai ranar. Iska na dukan fuskata, daɓen na da sanyi kamar ƙanƙara, a bayana dattawan nan sun bar waƙa sun koma ihu suna buga sanduna. Na wuce shi, na juyo, na tsaya a gabansa ina haki.

Idanunsa jajur. Hawaye har gemu.

"Ban ce ba," na ce. "Ban aiko kowa ba... ƙarya ta yi maka... na jira ka, Gatien, na jira ka har..."

"Armelle."

"Na zo. In har yanzu kana so."

"In ina so?" Ya yi wata dariya haɗe da kuka. "Da kika kira ni saura kaɗan in karya dokar da ta girmi kakana. Gimbiya, ba takalmi kika zo?"

"Suna hannuna."

"Sa abinki, masoyiyata. Ba a son in tsaya a tsakiya, sai mun kai ƙarshe."

"To kada ka tsaya."

Na zura takalman na jera da shi. Ya kama hannuna ya cusa a aljihun rigarsa, inda ke da ɗumi. Muka yi ta tafiya, kogi na wucewa a ƙarƙashinmu.

Can ya ce, "Madam fa?"

"Tana lulluɓe kujeru. Ita kaɗai."

Ya matse hannuna.

"Ke an yarda ki waiwaya," ya ce. "Dokar tawa ce, ba taki ba."

Na waiwaya.

Na bi kogin da ido har inda ya karya kwana, ina neman ko da kan hasumiya ne. Bishiyoyi kawai na gani da hazo. Ashe daga nan ba a hango gidanmu.

Na share fuskata da hannun riga, na juyo.

"Ƙarfe nawa jirgin yake tashi?" na ce.